Mai Tsaron Ƙofar Lambu

Baƙo, biya tukuna, ga tikitinka.
Ni ce Kerensa. Sunan da ke kan allon can na gidanmu ne,
ko da yake yau a ɗakin ajiye cebur nake kwana,
ina jin yayyafi bisa kwano, ina tara ruwa.

Wurin nan rami ne a da, mahaƙar dutse
a gaɓar Cornwall, inda iskar teku
ke lasar ganye da gishiri har ya ƙone.
Kakan kakata, Digory Trevanick, matuƙin jirgi,
ya saye shi da ladan tafiya goma sha ɗaya.
’Yan ƙauye suka ce teku ta wanke masa hankali.
Ya sayi jaki, bai tanka wa kowa.

Shekara bakwai jakin na hawan tudu
da ciyawar teku, da toka, da kashin tumaki,
har ƙasa ta kwanta, har tsutsa ta tare.
Mai haƙuri kan dafa dutse, gaskiya ne,
sai dai romon, jikoki ya bar wa shawa.

Daga duwatsun gabas ya zo da iri,
ƙwaya uku cikin safa, ɓoye a ƙirji.
Biyu suka ruɓe. Ta uku ta tsiro,
ta yi tsawo, ta yi rassa, ta ƙi fure.
Shekara ashirin da shida yana fita da asuba
yana duban ta kamar mai bin bashi.
Ya rasu a Janairu. A Maris ta buɗe,
fure kamar tafin hannu a kan reshe tsirara.
Matarsa Loveday ta fito, ta ɗaga kai,
ta ce da bishiyar, “Ba ki da kunya.”
Ba ta ƙara bi ta nan ba,
amma ko ganye ta hana a tsinka har mutuwa.

Ɗansu Jago ya gina katangar nan mai lanƙwasa.
Ya tafi yaƙi da ma’aikatan lambu huɗu,
ya dawo shi kaɗai, hannu ɗaya.
Ya koyi aurar da reshe da wuƙa da haƙori,
ya dasa tuffa huɗu, kowace da sunan mutum.
Ta Perran ce mai tsami. Haka ma shi, in ji masu tunawa.

Kakata Tamsin ta gaji lambu da bashi.
Ta sayar da cokulan azurfa,
ta sayar da hotunan bango, da agogo, da doki,
ta sayar da gidan kansa, yanzu otal ne.
Ko taku ɗaya na ƙasa ba ta saki ba.
Ita ta buɗe ƙofar nan ga jama’a,
jaridu suka zo, motoci suka cika kwararo,
tana zuba musu shayi da hannu mai kanta,
tana harara in an taka mata ciyawa.

Mahaifina Denzil ya tsani laka.
Ya gudu Landan, ya yi aikin ofis shekara arba’in.
Amma duk Maris waya za ta yi ƙara:
“Ta yi fure?” Sai ya ajiye, ba ko gaisuwa.

Daren guguwa na ji ta faɗi.
Ƙasa ta girgiza, kofuna suka yi kuka.
Da safe masu zarto suka zo, na juya baya.
Bayan wata biyar, a gefen kututture,
ga tsiro, siriri kamar tsinken sakace.
Shekararsa sha tara yanzu. Ko toho babu.
Nakan fita da asuba in tsaya in dube shi,
na san wa nake kama da shi a tsayuwa.

Ba ni da ɗa. ’Yar ƙanena Elowen, can Kanada,
ta rubuto tana son iri, wai tana da fili bayan gida.
Na tura mata tuffar Perran, ƙwaya uku cikin safa.
Ban faɗa mata komai game da jira ba.

To, shiga. Bi ta hagu, akwai santsi a matakala.
In ka kai kututturen, zauna ka huta.
Ƙarfe biyar nake rufewa.